Gafakar Gwaggo

Gwaggo ta cika ranar Alhamis bayan azahar, a ɗakinta da ke gidanmu na Ƙofar Rini, ana tsakiyar girbin gero. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Jiya aka yi addu'ar arba'in, shi ya sa na zauna in faɗi abin da na sani game da ita tun kafin masu ba da labari su gama sa mata gishiri. Na ji wasu sun fara mai da ita waliyyiya, wasu kuma a ɓoye suna cewa bokanya ce. Ni ce 'yar ƙanenta da ta riƙa tun ina shekara biyar, bayan rasuwar mahaifina. A bayanta na yi barci har ranar da aka kai ni ɗakin miji, kuma ban ga ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Abin da na gani mace ce mai zanen ɗaki, mai ƙafar yawo, mai tsiwa idan an taɓo ta.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta gidan ya cika da mata. Wata tsohuwa ta tako tun daga Gidan Igwai da sandarta, ta zube a bakin ƙofa tana haki, ta ce, "Ita taz zana mani ɗaki, taz zana ma ɗiyata. Jikata tar rage, ga shi ba ta samu ba." Maƙwabciyarmu mai fura, wadda suka shekara uku ba sa ga-maciji saboda akuyarta ta lashe wa Gwaggo farar ƙasa a bango, ita ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Matan mahauta suka shigo a jere, kowace da ƙwaryar gumba. A zaure kuwa Baffa mahauci, ƙanen Gwaggo kuma maigidanmu, yana zaune yana karɓar gaisuwa da busasshen ido. Duk wanda ya ce masa Allah ya jiƙanta sai ya amsa da amin, ya ƙara da cewa, "Ta huta da yawo."

Ina cikin raba wa baƙi ruwa na lura idanun matan duk wuri ɗaya suke komawa. Gafakar da ke rataye sama da gadon Gwaggo suke kallo. Tsohuwar gafaka ce ta jar fata, irin wadda malamai ke sa Alƙur'ani a ciki, ta yi baƙi saboda shan hannu. Kowa a unguwa ya san cike take da takardu, kowa kuma ya yi imani rubutun asiri ne da ta samo wajen malaman gabas a hanyar Makka. Wata mai tsohon ciki ce ta fara magana ƙasa-ƙasa, wai ko za a wanke mata takarda guda ta sha don haihuwa ta zo da sauƙi. Kafin ta rufe baki an samu mai ciwon kai, an samu mai neman haihuwa, an samu wadda mijinta zai kora shanu kudu. Magana ta kai zaure. Baffa mutum ne da ba ya son a yi ta yi masa sintiri a ƙofar gida, sai ya yanke hukunci a gaban jama'a: ranar addu'ar bakwai za a wanke takardun gaba ɗaya a babbar ƙwarya, kowa ya zo da ƙoƙonsa, lada ya tafi ga mamaciya.

Aka yi ta sa masa albarka. Ban da ni, don ni kaɗai na san abin da ke cikin gafakar nan. Na san idan ruwa ya taɓa shi, duk tafiye-tafiyen Gwaggo za su koma baƙin ruwa, su bi maƙogwaron mutane su wuce, ba abin da zai rage mini nata sai tsohon zane da tukunya.

Gajeruwa ce, siririya, idan tana tafiya sai ka rantse an aike ta ɗebo wuta. Yatsunta uku na dama ba su taɓa komawa launin jikinta ba, kullum da ragowar baban rini ko jar ƙasa a gindin farce. Idan ta shiga gidan mutane bango take fara kallo kafin ta gaida masu gida. Sau nawa na ji kunya, ana yi mata sannu da zuwa tana shafa garu tana cewa, "Wa yay yi maku wanga yaɓe? Allah shi yahe mai." Ba ta iya zama a tsakiyar ɗaki, sai kusa da ƙofa, takalmanta a gefenta. Karatunta bai wuce abin salla ba. Ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Amma a ba ta ɗakin da aka yi wa sabon yaɓe, a ba ta farar ƙasa da ta kwana a ruwa, da jar ƙasa, da ɗan baba, da gashin zabo guda uku, a ja gefe. Ba ta fara aiki sai ta zauna da mai ɗakin sun yi hira, ta ji irin muryarta, ta ga inda za ta sa gado da inda za ta jera ƙore. Daga nan ta ɗaure zane a ƙirji, ta fara daga kusurwar gabas, ba gwaji, ba sharewa. Ni ce mai riƙe mata kasko, da haka na koyi ɗan abin da na koya, da ranƙwashi da yawa. Ba ta maimaita zane. Wata matar attajiri ta taɓa cewa a yi mata irin na ƙanwarta sak, Gwaggo ta kwashe gashin zabonta ta ce, "In irin nata kika so, koma ɗakinta ku zamna tare." Aka bi ta har gida ana ba ta haƙuri.

Akwai aikin da ba ta karɓar ko goro a kansa. Duk matar da ta fita takaba a unguwarmu, za ta wayi gari ta ga Gwaggo a ƙofarta da kasko. Takan ce amarya kowa yana yi mata ado, wadda ta yi wata huɗu da kwana goma tana kallon bango ɗaya ita ce ke bukatar a canza mata shi. Na ga matan da suka ƙi, suna cewa me mutane za su ce. Gwaggo ba ta gardama, sai ta ce to bari ta gyara nan wurin da ya tsage kawai. Kafin azahar rabin ɗakin ya zama sabo, mai ɗakin kuma tana tsugune tana dama mata farar ƙasa.

Yawo kuwa da aure ta fara shi. Mijinta falken shanu ne, yana kora su zuwa Ilori da Badun. Sauran mata suna zama gida su jira, ita ta ce ba a ɗaura mata aure da jira ba, ta bi ayari tana dafa musu tuwo. Allah bai ba su haihuwa ba. Da mijin ya rasu ta gama takaba, sai ta shiga ayarin masu zuwa Makka a ƙasa. Ta bi ta Barno, ta Wadai, ta ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. Inda guzuri ya ƙare sai ta tsaya ta yi wa matan garin zanen ɗaki wata biyu ko uku, ta ƙara gaba. Shekara tara ta yi. Ta bar Sakkwato babu Nasara, ta dawo ta tarar da su sun kafa bariki a bayan gari. Bayan nan ma ba ta zauna ba. Argungu, Gwandu, Birnin Ƙonni, Katsina, duk inda ta ji ayari zai tashi ƙafarta sai ta fara ƙaiƙayi. Har Kano ta je musamman don ta shiga jirgin ƙasa da ake ta labari. Ta dawo tana taɓe baki, wai abin banza ne, gudu kawai, ba ka ganin bangon kowa.

A cikin wannan yawo ta tara takardun. Duk gidan da aka sauke ta, idan ta ga zanen da ya kama mata ido a bango, ko a ƙofa, ko a gefen tabarma, sai ta nemi takarda wajen malamin garin, ta yi masa wani aiki a madadi, ta kwafe zanen da alƙalamin kara da tawadar da ta dama da kanta. Takarda ce mai kauri, irin wadda idan ka ɗaga ta ga rana kake ganin jinjirin wata uku a cikinta. Babu mutum a zanen, babu dabba. Layuka ne, da murɗe-murɗe, da gidaje-gidaje masu kusurwa huɗu, wasu da ɗigo a ciki. Wanda bai sani ba ya hango daga nesa, wallahi hatimi zai ce. Na taɓa tambayarta don me take sa su a gafaka alhali ba Alƙur'ani ba ne. Ta ce, "Uwata, ɓarawo ya hi tsoron gahwaka bisa ga kare. Ruwa ma ba su shiga." Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba ta iya kama shi a baki.

Kowace Juma'a da hantsi takan rufe ƙofa da asabari, ta baje su a tabarma su sha iska saboda gara. Nan ne take yi mini abin da take kira karatu. Ta ɗauki ɗaya ta ce, "Wagga ƙohwar wata Babarbariya ta. Wata biyu tana jinyata sa'ad da kurkunu yak kama ni ga ƙahwa. Hancinta kamar na tunkiya, amma zuciya zinariya." Ta ɗauki wata: gefen tabarmar matar mai jirgin ruwa, wadda ta raba gurasa ɗaya biyu ta ba ta babban rabin. Wata kuma tagar katako ce ta Jidda, inda wata baiwa ta riƙa miƙo mata ruwa a ɓoye. Ba ta san sunayen yawancinsu ba, wasu ko yarensu ba ta ji. Kowace ta gama sai ta ce, "In tana da rai Allah shi ba ta lahiya, in ta riga mu Allah shi jiƙanta," ta kife takardar, ta ɗauki ta gaba. Sun fi ɗari. Ina ƙarama abin yana gundurata, in yi ta hamma ina jin yara suna wasa a waje. Sai da na girma na yi baƙunci a gidan miji na gane abin da take yi.

Yadda aka yi takardun suka zama asiri kuwa, ba laifinta ba ne. Ranar da ayarinsu ya dawo daga gabas, an tsare su a bariki. Lokacin Nasara suna tsoron wasiƙun da ake shigowa da su daga can, masu zuga mutane, don haka duk mai ɗauke da takarda sai an duba. Aka kai gafakar Gwaggo gaban wani Bature, ya miƙa wa malamin da ke karanta masa wasiƙu. Gwaggo ta ce malamin nan ya juya takarda dama, ya juya hagu, ya kifa ta, gumi ya keto masa. Ga dogarai suna kallo, ga masinja, ga alhazai. Maimakon ya ce bai ga harafi ba, sai ya gyara rawani ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga rubutu ya hi ƙarhina. Asiri na na manyan malamman gabas." Baturen ya karɓa ya duba da kansa, ya yi dariya, don shi ya gane ko mene ne. Har ya ce a tambaye ta ko za ta sayar. Ta ce a gaya masa takarda tana sayuwa, amma sai ya haɗa da ƙafafun da suka je suka ɗauko. Ya sallame ta.

Dariyar Bature ta tsaya a bariki, maganar malam kuwa ta riga Gwaggo shiga gari. Da farko ta yi ta rantsuwa cewa zanen bango ne. Tana musu, ana ƙara yarda, don kowa ya san mai asiri ba ya cewa yana da shi. Da ta gaji sai ta bar su. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa wanke wa wani ba, ba ta kuma taɓa karɓar sadakar kowa a kansu ba. Mai ciwo ya zo, ta ba shi dabino ta nuna masa gidan liman.

Tsakaninta da Baffa akwai wani tsohon miki. Tana can gabas mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali. Baffa ne ya yi jinya, shi ya ji tana kiran sunan 'yarta har bakinta ya rufe. Gwaggo ta dawo ta tarar an shekara huɗu da binne ta. Bai taɓa yafe mata wannan ba, bai kuma taɓa zama ya tambaye ta abin da ta gani a duniya ba. Sau ɗaya na ga abin ya fito fili. Wata babbar salla ce, ana rabon nama a tsakar gida, Gwaggo ta ce za ta bi wani ayari bayan salla. Baffa bai ɗago daga kan wuƙarsa ba ya ce, "Tahi mana, Yaya. Mai yawo ai ba ta da uwa, sai hanya." Gwaggo da ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba, ranar ko uffan. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali, ta shiga ɗaki. Na bi ta na tarar ta juya fuska ga bango, ta ce in fita in ja mata asabari.

Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Amma duk ranar kasuwa sai ƙashi mai ɓargo ya iso ɗakinmu daga rumfar Baffa, ba a cewa daga wa. Ita kuma duk shekara idan ruwa ya ɗauke, sai ta jira ya tafi sayen shanu ta sabunta masa zanen zaure. Ya dawo ya shiga ya fita kamar bai gani ba. Haka suka tsufa, biyu masu taurin kai, nono ɗaya suka sha.

To, kwana shida na yi ina neman mafita. 'Yar ƙane ba ta tashi cikin taro ta ce wa baffanta ya yi kuskure, balle a zaman makoki. Na gwada gaya wa mata biyu gaskiya a madafa, suka kalli juna, ɗaya ta ce, "Kina son ki sha ke ɗai ke nan." A rana ta biyar na je wajen matar liman, wadda ta koya mini karatu da rubutu, na zayyana mata komai. Ta ce abu ne mai sauƙi. Ba a shan rubutu sai an san ko na mene ne, musamman ga mai ciki. Za ta gaya wa malam ya ce sai ya duba kafin a jiƙa. Na dawo gida ina jin kaina mai wayo.

Ranar bakwai da hantsi, bayan an yi addu'a an raba waina, aka kawo babbar ƙwarya cike da ruwan rijiya aka girke a tsakar gida. Mata suka kewaye daga nesa, kowace da ƙoƙo a ƙarƙashin mayafi. Liman ya shigo, tsoho ne mai sanyin hali, ya sabunta alwala, ya zauna a buzu, Baffa na gefensa. Ni na sauko da gafakar na miƙa da hannu biyu. Ya yi bisimilla ya buɗe. Ya ɗauki ta farko ya kai kusa da ido, ya ajiye. Ya ɗauki ta biyu. Bai yi gaggawa ba, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har rana ta fara cizo, jarirai suka fara kuka. Sannan ya ɗago.

"Jama'a," ya ce, "ni dai ban ga harahi ba. Ko alu guda babu. Wanga ba aya ba ta, ba hatimi ba na. Zane na, irin na bango. Amma hannun da yay yi shi ya iya."

Sai tsohuwar nan ta Gidan Igwai ta matso da sandarta, ta leƙa, ta tafa hannu. "Yo wanga ai ɗan'uwan na ɗakina na!" Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Mai tsohon cikin ta ɓoye ƙoƙonta, idonta ya kawo ruwa, ita kam ta ba ni tausayi. Aka fara zamewa ɗaya-ɗaya ana gunaguni. Ni dai zuciyata fari ƙal, ina cewa takardu sun tsira.

Ban kalli fuskar Baffa ba sai da ya yi magana. Mutumin da ya tara unguwa guda da bakinsa, ga shi an watse ana dariya a gidansa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Zanen bango," ya ce. "Shekara tara tab bar uwarmu don zanen bango." Ya juya ga liman. "Malam, ka tabbata ba sunan Allah ciki?"

"Babu."

"To, takarda ta kamar kowace. A kai rumhwa. Ma'aikatan bariki sun hi son a ƙunsa masu kilishi ga takarda bisa ga ganye."

Nan na gane abin da na yi. Garin neman gira na rasa ido. Shekara da shekaru ƙaryar malamin bariki ce ke tsare da takardun nan, ba wanda ke taɓa su ko da alwala, ni kuma da wayona na zo na tuɓe musu rigar. A gidan mahauta, takardar da ba sunan Allah a ciki aikinta ɗaya ne. Na durƙusa a gabansa, kunya ta bar ni, na ce, "Baffa, don Allah ka bar mani su. Ba ni son komi nata sai su."

"Mai sunan Inna, tashi," ya ce. "Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar miji ba. Gado nau na, ki tambayi malam."

Na kalli liman. Ya sunkuyar da kai, don abin da shari'a ta ce ke nan, 'yar ƙane ba ta da komai inda ƙane yake raye.

Baffa ya tattaro takardun da hannu ɗaya kamar mai tattara ganye. Ya ɗauki gafakar ya kifa ta, ya kaɗa, don kada wata ta maƙale. Sai wani abu ya faɗo daga can ƙasan, inda fatar ta yi ninki. Takarda ce da aka naɗe ƙanana kamar laya, ta yi baƙi da gumi, an ɗinke gaɓoɓinta da zare inda suka yage. Ban taɓa ganinta ba. Duk Juma'o'in nan da muka yi, ba ta taɓa fito da ita a gabana ba. Baffa ya warware ta da gaggawa, ina jin don ya ga ko za ta isa ƙunshi.

Ya tsaya. Na ga ya miƙar da hannu ya nesanta ta da idonsa, irin na tsofaffi, ya dawo da ita. Zanen bai kai sauran kyau ba, layukan suna karkacewa, aikin mai koyo ne. A can ƙasa ta hagu akwai wani abu da bai shiga tsarin zanen ba, ɗan tafin hannu mai yatsu biyar.

"Wanga ɗakin Inna na," ya ce, ba da kowa yake ba. Ya sa yatsa yana bi. "Nan gado shike. Nan taka rataye hwaihwai. Nan ga taga." Yatsan ya sauka kan ɗan tafin nan ya tsaya. "Wanga hannuna na."

Ya ci gaba da ba da labarin da kansa. Ɗakin mahaifiyarsu shi ne na farko da Gwaggo ta taɓa zanawa, tana budurwa. Shi kuma yana ɗan shekara huɗu ya tsoma hannu a kaskon jar ƙasa ya manna a bango tun bai bushe ba. Gwaggo ta bi shi da muciya, ta ce sai ta shafe. Mahaifiyarsu ta hana, ta ce a bar mata, ɗakinta ne, 'ya'yanta biyu ne suka yi mata ado. Ɗakin ya rushe da wata damina tun kafin in yi wayo, ba wanda ya rage da ya san kamanninsa sai shi. Ashe kafin ta tafi ta zauna ta kwafe shi, har da ɓarnar ƙanenta, ta kai shi Makka ta dawo da shi.

Liman ne ya fara tashi, ya ɗauki buzunsa ya fita ba sallama. Baffa ya daɗe a zaune. Mutumin da bai zubar da hawaye ba ranar da aka fita da ita, na ga gemunsa ya jiƙe. Can ya dubi takardun da ya damƙe, ya dubi hannunsa, hannun da ya wuni cikin kitse tun yana yaro. Ya ajiye su a kan tabarma, ya jawo ƙwaryar ruwan nan da aka tanada, ya wanke hannuwansa har gwiwa, ya goge da rigarsa. Sannan ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin gafaka, ya miƙo mini. Ta ɗakin Inna kaɗai ya riƙe.

"Kin iya irin wanga?" ya ce.

Na ce na iya.

"In ruwa sun ɗauke, ki yi mani shi ga ɗakina."

Ruwa ya ɗauke, an yi yaɓe, ya bushe. Kwana uku na yi ina aikin, takardar tana jingine a kan faifai, Baffa yana zaune a bakin ƙofa yana gyara mini, wai layin nan ya fi haka karkacewa, kada in miƙar da shi. Shekaranjiya na gama. Da na zo ƙasa ta hagu na ɗauki gashin zabo zan zana ɗan tafin, sai ya ce in dakata. Ya taso da ƙyar, ya durƙusa, ya tsoma hannunsa na dama a kaskon jar ƙasa, ya manna a bango. Katon hannu ne, yatsa ɗaya ya gajarce inda wuƙa ta taɓa ci, ya cinye wurin har ya hau kan layin da na wahala a kansa. Bai cire da wuri ba. Na ji ya ce a hankali, "Yaya, ki yahe mani," sai na ɗauki kaskona na fita na ja masa asabari.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya karɓi baƙuncinta fiye da yadda bayinsa suka karɓe ta a hanya. Matan nan da suka sauke ta, in suna da rai Allah ya ba su lafiya, in sun riga mu Allah ya jiƙansu. Amin.